Mene ne JOTI, taron 'yan sikawut na intanet?

JOTI taro ne da 'yan sikawut na duniya ke yi ta intanet a ƙarshen mako na uku na watan Oktoba, tare da yayansa JOTA, wanda tun 1958 yara ke gaisawa a cikinsa ta rediyon oba-oba. Da annobar korona ta rufe makarantu, ta hana kwana a sansani, sai Ƙungiyar Sikawut ta Duniya ta ƙi jiran Oktoba, ta shirya na musamman daga 3 zuwa 5 ga Afrilun 2020. Yaro yana ɗakinsu, ƙyallen sikawut ɗaure a wuya, yana hira da takwaransa na wata nahiya, yana sauraron bita.

Wasu na cewa sikawut ba tanti, ba hura wuta, sunansa kallon waya. Suna da hujja, domin ɗaurin igiya sai da hannu ake koyonsa. Amma abin da kullen korona ya fi yi wa barazana shi ne zumuncin rukuni, kuma yaron da ya daɗe bai ji ɗuriyar abokansa ba da wuya ya dawo. Matsalar da ba a warware ba ita ce ta kuɗin data da rashin intanet: ɗan ƙauyen da babu intanet bai samu shiga ba.