Ina Ƙofar Bukka Take Kallo?

Da zarar an gama girbin gero da dawa a gonakin Gezawa, makiyaya kan sauka da shanunsu domin cin kara, su bar wa manomi taki. Duk wanda ya lura da bukkokin da suke kafawa zai ga yawanci ƙofar tana kallon yamma, bayan kuwa an juya shi gabas. Akwai al'ada a ciki, amma akwai lissafi mai kyau.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara. Ƙofar da ta fuskance ta, sanyin asuba zai shiga har kan tabarma, ƙura ta kwanta a bakin ƙwaryar nono. Da damina ma hadari a ƙasar Kano galibi daga gabas yake haɗowa, iska a gaba, ruwa a baya. Shi ya sa maginan gargajiya ke ƙara wa bangon gabas yaɓe da makuba, don shi ruwa ya fi duka.

Yamma ma tana da nata. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, ranar la'asar takan faɗa kai tsaye cikin ƙofa, sai an tare ta da zana ko inuwar darbejiya.

Mai kafa rumfa a kasuwar Gezawa ko Jogana, ya fara duba inda iska ke fitowa kafin ya haƙa ramin dirka.