KARIYAR KEKE A BAYAN MOTAR TAFI-DA-GIDANKA: A AUNA KAFIN A SAYA

A ƙasashen Turai, da zarar an rufe makarantu domin dogon hutun watannin Yuli da Agusta, manyan hanyoyin da suka miƙe daga Jamus da Holan zuwa gaɓar teku a Italiya da Faransa da Sifaniya sukan cika maƙil da wasu irin motoci waɗanda aka shirya cikinsu kamar ɗaki. Ga gado, ga murhu, ga tankin ruwa, wasu ma har da makewayi. Su ne motocin tafi-da-gidanka. Wanda ya lura da kyau zai ga da yawa daga cikinsu suna goye da kekuna biyu ko uku, an ɗaure su bisa wani ƙarfe da aka kafa a bayan motar, watau kariya.

Dalilin goyon nan ba ɓoyayye ba ne. Motar da ta kai tsawon mita shida ba ta jin daɗin lungunan tsofaffin biranen Turai, sa'an nan wuraren ajiye motoci da yawa an gitta musu ƙarfe a ƙofa domin kada doguwar mota ta shiga. Saboda haka matafiyi yakan kafa motarsa a sansanin 'yan hutu a bayan gari, ya sauke kekensa, ya hau ya tafi kasuwa ko bakin ruwa. Keken ne ƙafarsa. Amma zaɓen ƙarfen da zai ɗauki keken ya fi yadda ake zato wuya, domin kuskure a cikinsa yana iya jawo tara, ko lalacewar mota, ko ma asarar rai.

Asalin Al'adar

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera ƙaramar bas ɗinsa cikin 1950, kuma tun daga 1951 wani kamfani mai suna Westfalia ya shiga sanya mata kayan kwana da na girki. Wannan bas ita ce Kombi, wadda mutanen Nijeriya suka sani ƙwarai a matsayin motar haya. Cikin 1981 kamfanin Fiat na Italiya ya fito da motar kaya mai suna Ducato, wadda a kanta ake gina kaso mafi tsoka na motocin tafi-da-gidanka a Turai. Sha'awar waɗannan motoci ta ƙaru sosai a lokacin annobar korona ta 2020, sa'ad da jama'a suka guji otal da jirgin sama. A farkon 2024 yawan waɗanda aka yi wa rajista a Jamus kaɗai ya haura 900,000.

Abin da ya dagula lissafi shi ne zuwan keke mai batir. Keken da aka saba da shi nauyinsa kilo 12 ne zuwa 15. Keke mai batir kuwa, wanda ɗan injinsa ke taimaka wa mahayi har gudun kilomita 25 cikin awa, yakan kai kilo 22 zuwa 28. Ashe ke nan kariyar da aka ƙera tun kafin zuwansa, wadda ke ɗaukar kekuna biyu ba tare da wata matsala ba, yanzu keke ɗaya da rabi ya ishe ta kaya.

Iri Huɗu Na Kariya

Iri na farko shi ne wanda ake maƙalawa a jikin ƙofar baya. Shi ya fi araha, shi ya fi sauƙin ɗaurawa, kuma nauyinsa kansa kaɗan ne. Sai dai duk kayan yana rataye ne a kan ƙofa da ƙarafan da ke riƙe da ita. A motoci masu ƙofa biyu da ke buɗewa hagu da dama, irin su Ducato, kariyar da manyan kamfanoni biyu na wannan sana'a suke yi, watau Fiamma na Italiya da Thule na Suwidin, galibi ba ta wuce iyakar kilo 35. Kekuna biyu masu batir sun zarce wannan nesa ba kusa ba. A motocin Volkswagen masu ƙofa ɗaya da ke ɗagawa sama, iyakar takan kai kilo 60, amma kekunan sukan zauna can bisa, har sai mutum ya ɗaga su zuwa ƙirjinsa kafin ya aza. Ga dattijon da ya yi ritaya, kuma irinsu ne suka fi sayen waɗannan motoci, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Iri na biyu yana zama ne bisa ƙugiyar jan tirela, wani dunƙulen ƙarfe mai kaurin milimita 50 da ke ƙarƙashin bayan mota. Amfaninsa shi ne yana kusa da ƙasa, har akan iya turo keke bisa ɗan katako a hau da shi. Yawanci yana ɗaukar kilo 60. Amma a nan akwai tarko. Ita kanta ƙugiyar tana da iyakar nauyin da za a danna mata daga sama, wanda a motoci da yawa yana tsakanin kilo 75 da 100, kuma a cikin wannan adadi ne za a cire nauyin kariyar, kimanin kilo 20. Idan iyakar ƙugiya kilo 75 ce, abin da ya rage wa kekuna kilo 55 ne kurum, ko da an rubuta 60 a jikin kariyar. Har ila yau, wannan iri yakan tare ƙofar baya, inda ake ajiye tukunyar gas da sauran kaya. Shi ya sa ake yin wasu masu kwantawa baya, wasu masu zamewa, wasu kuma masu juyawa gefe kamar ƙyaure. Mai mota mai ƙofa biyu tilas ya gwada ya tabbatar ƙofofin suna buɗewa, domin kariyar da ke kwantawa baya sau da yawa ba ta ba su hanya.

Iri na uku ana ɗaure shi ne kai tsaye a shasin mota. Shi ya fi duka ƙarfi, har akwai masu ɗaukar kilo 100 ko fiye, waɗanda ake ɗora wa ƙaramin babur. Shi kuma ya fi duka tsada da nauyi, kuma sai ƙwararren makaniki ke kafa shi.

Iri na huɗu na manyan motoci ne, waɗanda aka gina musu ɗaki sukutum a kan shasi. Ana huda bangon baya a kafa shi. Bangon nan kuwa ba ƙarfe ba ne zalla, falle-falle ne na sanholo da soso da siririn katako, kuma a wasu wurare ƙalilan ne maƙera suka ƙarfafa shi domin wannan aiki. Wanda ya huda inda ba nan ba, ko ya yi sakaci wajen toshe hujin, ruwan sama zai riƙa shiga yana ruɓar da bangon a ɓoye, ba za a farga ba sai ɓarna ta yi nisa.

Lissafin Da Ba A Yi A Kanti

Duk wannan bayani na kariya ne. Amma babbar tambaya tana ga motar kanta. A galibin ƙasashen Turai lasin tuƙi na gama-gari yana ba da izinin tuƙa motar da nauyinta duka, da mutane da kaya, bai wuce kilo 3,500 ba, don haka a kan wannan adadi ake yi wa yawancin motocin tafi-da-gidanka rajista. Gado da murhu da akwatuna sun riga sun cinye mafi yawansa tun daga masana'anta, har akan sami motar da abin da ya rage mata bai wuce kilo 400 ko 500 ba. A ciki ne za a lissafa fasinjoji, da abinci, da tufafi, da tukwanen gas, da ruwa, wanda kowace lita ɗaya kilo ɗaya ce. Cikin 2025 Tarayyar Turai ta amince da sabuwar doka da za ta ɗaga iyakar lasin zuwa kilo 4,250 ga irin waɗannan motoci bisa wasu sharuɗɗa, amma an ba ƙasashe 'yan shekaru kafin ta fara aiki. Ko ta fara ma, takarda ba ta ƙara wa ƙarfe ƙarfi: motar da aka yi wa rajista a kan 3,500 tana nan a kan 3,500.

Bayan iyakar nauyin mota gaba ɗaya, kowane aksul yana da tasa iyakar, an buga ta a wani ɗan allo a jikin mota. A Ducato da yawa iyakar aksul na baya kilo 2,000 ce. A nan ne ilmin kimiyyar da ake koya a makarantar sakandare yake shigowa. Kayan da aka rataya a bayan tayoyin baya suna aiki ne kamar yaron da ya zauna a ƙarshen katakon lilo: yana danna gefensa, yana ɗaga ɗaya gefen.

Alal misali, a ɗauki motar da ke da tazarar mita 4 tsakanin tayoyin gaba da na baya. A ɗora mata kekuna biyu masu kilo 25 kowanne, bisa kariya mai kilo 20, jimla kilo 70, kuma tsakiyar kayan tana mita 2 a bayan aksul na baya. Nisan kayan daga aksul na gaba mita 6 ke nan. A ninka 70 sau 6, a raba da 4, za a sami 105. Watau aksul na baya kilo 105 ya ƙaru masa, ba 70 ba. Ragowar kilo 35 ɗin daga tayoyin gaba aka ɗebe su. Tayoyin gaba kuwa su ne na sitiyari, su ke yin mafi yawan aikin birki, kuma a Ducato su ne inji ke juyawa. Idan suka yi sakayau, mota takan yi santsi a hawan tudu mai laima, takan yi tangaɗi idan babbar mota ta wuce ta, tayoyin baya kuma su yi zafi saboda lodi. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Wannan lissafi bai tsaya a Turai ba. Duk direban bas da ke ɗaure buhuna a bayan mota har ƙofa ta ƙi rufuwa, a Kano ne ko a Maraɗi, wannan ƙa'ida ce take aiki a kansa.

Saboda haka masana sukan ba da shawarar a fara da sikelin auna motoci. A cika mota da duk abin da za a yi tafiya da shi, da mutanen da za su shiga, a auna aksul na gaba daban, na baya daban. Daga nan mutum yana da adadi huɗu a hannunsa: iyakar kariya, iyakar ƙofa ko ƙugiya, abin da ya rage wa aksul na baya, da abin da ya rage wa motar duka. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne alƙali.

Abin Da Doka Ta Ce

Kekuna ba su da izinin rufe lambar mota ko fitilun baya. Idan sun rufe, wajibi ne kariyar ta kasance da nata fitilun birki da na sigina, da wata lambar mota ta biyu. Ana jona fitilun ne da soket mai baki 7 ko mai baki 13, kuma mai baki 13 ne ke ɗauke da wutar fitilar ribas.

Kowace ƙasa kuma da tata ƙa'idar. A Italiya da Sifaniya kayan da suka zarce bayan mota akan buƙaci a manna musu allo mai faɗin santimita 50 da tsawon santimita 50, mai ratsin ja da fari da ke ƙyalli da dare, amma zanen allon ƙasashen biyu ba iri ɗaya ba ne. A Jamus sai kaya sun zarce da fiye da mita ɗaya ake buƙatar jan ƙyalle ko jan allo. Matafiyin da zai ratsa ƙasa uku lalle ya binciki dokar kowace kafin ya tashi.

Akwai kuma batun kuɗi. Jiragen fito da ke ƙetare teku tsakanin Dover ta Ingila da Calais ta Faransa suna neman a faɗa musu tsawon mota har da kariyarta. A Norwe kuɗin fito yana tashi da zarar mota ta wuce mita shida. Motoci da yawa tsawonsu mita 5.99 ne daidai, kuma kariya ita kaɗai ta isa ta tsallakar da su zuwa farashi na gaba.

Ƙananan Abubuwa Masu Muhimmanci

Bayan an gama da nauyi, sai a duba ko kekunan za su zauna daidai. Keke mai batir ya fi na gargajiya tsawo da kaurin taya, don haka a auna tsawon layin da taya ke zama a kai, da tazarar da ke tsakanin layi da layi, domin kada feda ko kan keke ya riƙa gogar ɗan'uwansa. Keken da ya fi nauyi shi ake azawa kusa da jikin mota. A cire batir a shigar da shi ciki: an rage kilo uku ko huɗu a kowane keke, an kuma rage wa ɓarawo kwaɗayi. A lura kada hayaƙin salansa ya riƙa bugun tayar keke. Tamfol da ake lulluɓa wa kekuna yana tare ƙura, amma yana kama iska, yana kuma iya rufe fitilu. Bayan an yi 'yar tafiya kaɗan, a tsaya a sake ɗaure igiyoyi da notuna, domin girgizar hanya takan sassauta su. Keken da ya suɓuce a babbar hanya, inda motoci ke gudun fiye da kilomita 100 cikin awa, haɗari ne ga duk wanda ke biye.

A ƙarshen watan Agusta na kowace shekara ana yin babban baje kolin waɗannan motoci a birnin Dusseldorf na Jamus, inda kamfanoni ke nuna kariya iri-iri, masu naɗewa, masu juyawa, har da masu sauko da keke ƙasa da ƙarfin lantarki. Kowace da kyanta, kowane ɗan kasuwa kuma da daɗin bakinsa. Amma ba mai sayarwa ne zai biya tara ba idan 'yan sanda suka hau da mota kan sikeli, ba kuma shi ne zai riƙe sitiyari a gangaren duwatsun Alps ba. Mai hankali yakan shiga kantin ne da takardar awon motarsa a aljihu, ya zaɓi kariyar da ta yi daidai da abin da takardar ta faɗa. Rigakafi, ai, ya fi magani.