Zanen Ƴaƴanmu a Kan Tufafinmu

Babu gidan da ba a samun yaro mai zane, ko a bayan littafin makaranta, ko a ƙasa da ɗan tsinke, ko a jikin bango da gawayi. Sau da yawa tsawa muke yi masa, takardar kuma ta ƙare a murhu. Alhali zanen nan yana iya zama ado a wuyan rigar mahaifi ko a bakin mayafin mahaifiya, idan aka kai shi hannun masu sana'a.

Hanyoyin yin haka biyu ne, kuma duka gadonmu ne. Ta farko ita ce ɗinkin hannu: mai aikin surfani ya kwafi zanen a kan farin ƙyalle, sannan ya bi layukansa da allura da zare, kamar yadda ake fitar da aska takwas ko dagi a babbar riga. Ta biyu ita ce rini: a ɗinke siffar zanen, a ja zaren ya tattare ƙyallen tam, a tsoma a karofi. Ruwan baba da toka da kanwa yana kama ko'ina, ban da wurin da aka ɗaure. Ƙyallen yakan fito kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi, idan kuma aka warware zaren sai zanen ya bayyana fari. Haka ake yi a marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498.

Amfanin wannan ya wuce ado. Yawancin yadudduka masu arha da suka cika kasuwanninmu daga man fetur ake sarrafa zarensu, kuma ba sa ruɓewa idan an yar da su. A kasuwar Kantamanto ta Akara, an ƙiyasta cewa gwanjo kimanin miliyan 15 ke shiga kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a juji suke ƙarewa. Auduga da baba kuwa daga ƙasa suka fito, ƙasa suke komawa. Sannan rigar da ke ɗauke da hannun ɗan mutum ba ta saurin fita daga ransa: yakan gyara ta idan ta yage, ya adana ta shekaru. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta haɗa umarnin yin ado da hanin almubazzaranci a wuri ɗaya.

Sai dai a kiyaye abubuwa biyu. Malamai da yawa sun hana surar mai rai a jikin tufa, don haka mu zaɓi bishiya, fure, tauraro, rumbu ko jirgin ruwa. Kuma kada a kwafi rubutun allo, domin ayoyi ba su dace da tufar da ake shiga makewayi da ita ba.

Kafin Salla mai zuwa, mu ba yaro takarda da alƙalami, mu kai abin da ya zana wurin marini ko maɗinkin unguwa. Yaro zai san aikinsa yana da daraja, mai sana'a kuma ya samu na cefane. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin.