Yahudawan Jarba da Ɗakunan Ibadarsu

A yammacin kowace Juma'a ana busa ƙahon rago a Hara Kabira, wata unguwa da ke gefen garin Houmt Souk a tsibirin Jarba na kudancin Tunisiya. Busar farko gargaɗi ce ga masu kantuna da maƙeran zinariya da azurfa su fara tattara kaya. Idan aka sake busawa, to rana ta kusa faɗuwa, kuma da faɗuwarta Asabar ta shiga. Daga nan har taurari su fito a daren gobe ba ciniki, ba kunna wuta, ba rubutu, ba hawa mota, ba taɓa kuɗi. Mata sun riga sun kunna kyandir, maza kuma sun yi wanka sun nufi ɗakin ibada da ƙafa.

A ƙarshen shekarun 1940 Yahudawan Tunisiya sun kai kimanin 100,000. Yau saura wajen 1,500, kuma mafi yawansu a wannan tsibiri suke. Sauran sun watse, wasu Faransa, wasu Isra'ila. Larabci suke yi a gida da kasuwa, Ibrananci kuma na addu'a ne da karatu. Maƙwabtansu Musulmi ne, Malikawa da Ibadawa. Abin da ya fito da sunan Jarba a duniya shi ne Ghriba, majami'ar da ake wa ziyara duk shekara, amma wanda ya tsaya a kanta bai ga rayuwar mutanen ba. A ganina abin da ya riƙe su shi ne ƙananan ɗakunan ibada na cikin unguwa, waɗanda ba mai ɗaukar hotonsu, da hidimomin da ke kewaye da su.

Dalilin yana cikin dokokin addinin kansa. Yahudawa masu riƙo da al'ada suna da addu'o'i uku a yini: na safe, na yamma, da na dare. Mutum zai iya yi shi kaɗai, amma akwai sassan da ba sa yiwuwa sai an sami maza baligai goma, abin da suke kira minyan. Ba a fito da Attaura a karanta wa jama'a sai da goma. Wanda mahaifinsa ya rasu ba zai iya karanta Kaddish ba, addu'ar da masu makoki ke yi har tsawon wata goma sha ɗaya, sai da goma. Tara ba sa isa, ko da dukansu manyan malamai ne. Saboda haka leburan da ya cika na goma yana da wata daraja da ilimi ba ya sayenta, kuma ba abin mamaki ba ne a ga an aiki yaro ya ƙwanƙwasa ƙofar wani da asuba saboda ana jiran mutum ɗaya. Haɗa wannan da dokar Asabar da ta hana hawa abin hawa, sai ka ga dole kowa ya zauna inda ƙafarsa za ta kai shi majami'a. Shi ya sa Hara Kabira, duk ƙanƙantarta, take da ɗakunan ibada wajen goma ko fiye, kowane da iyalan da suka gaji zuwa cikinsa.

Cikin ɗakin ba wani ƙyale-ƙyale mai yawa. A bangon da ke fuskantar birnin Ƙudus akwai ma'ajiya mai ƙofa da labule, wadda Yahudawan Arewacin Afirka ke kira hekal, a ciki ake ajiye naɗaɗɗun littattafan Attaura. Akwai fitila da ba a barin ta ta mutu. A tsakiya akwai dandamali, teba, inda mai jan addu'a ke tsayawa, kujerun kuma suna zagaye da shi. Babu gunki, babu hoton annabi. Mai jan addu'a ba lallai ya zama rabbi, wato malamin addini, ba. Duk baligin da ya iya karatu kuma jama'a suka yarda da shi zai iya shiga gaba. Aikin rabbi ya fi karkata ga koyarwa, da ba da fatawa kan abinci da aure da saki, da sasanta rigima.

Attaurar da ake karantawa a nan ba bugun inji ba ce. Marubuci ƙwararre ne ke rubuta ta da hannu a kan fatar dabba mai tsarki, haruffa 304,805, kuma aikin kan ci shekara guda ko fiye. Idan harafi ɗaya ya goge ko ya karye, an daina karatu da wannan kwafin sai an gyara. Babu wasali a rubutun, babu alamar rera murya, don haka mai karatu sai ya haddace su tun daga gida. Ba a taɓa fatar da yatsa, akwai ɗan sanda na azurfa mai siffar hannu da ake bin layi da shi. Ana fito da ita Litinin da Alhamis da Asabar. An raba littattafan Attaura biyar kashi 54 yadda za a sauke a shekara, kuma ranar da aka sauke a ranar ake komawa farko, cikin rawa da waƙa, a bikin da ake kira Simhat Tora.

Kiran mutum ya hau dandamali ya yi albarka a kan Attaura girmamawa ce, kuma tana da tsari. Na farko dole ya fito daga Kohanim, wato zuriyar Annabi Haruna, na biyu daga Lawiyawa, sannan sauran jama'a. Jarba ta yi suna da yawan Kohanim, har sunan Cohen ya cika tsibirin. Akwai kuma wata al'ada da kan ba baƙo mamaki: a yawancin majami'un Yahudawan wannan yanki gwanjon waɗannan girmamawa ake yi. Wa zai buɗe ma'ajiya, wa zai ɗauki littafin, wa zai hau na uku, sai a yi ta tayi. Tunda ba a taɓa kuɗi ran Asabar, alkawari ake yi, a biya a cikin mako. Wani zai ga kamar an mai da ibada kasuwa, amma da wannan kuɗin ake sayen man fitila, a gyara rufi, a biya malamin yara, a tallafa wa gwauruwa da maraya. Kuma sau da yawa wanda ya ci gwanjon ba don kansa ya saya ba, miƙa wa surukinsa yake yi, ko wani baƙo, ko wanda aka yi wa haihuwa.

Kusan kowane mataki na rayuwar mutum yana ratsawa ta wannan wuri. Ana yi wa ɗa namiji kaciya ranar takwas da haihuwa, ko da ta faɗo ran Asabar. Idan ya cika shekara 13 ya zama baligi a addini, ana ƙirga shi cikin goma. Ango kan hau dandamali a Asabar ɗin bikinsa. Idan an yi rasuwa, iyalan mamaci kan zauna a gida kwana bakwai, jama'a su riƙa zuwa can su cika musu goma. A ranar Yom Kippur, ranar neman gafara, ana azumin kusan awa 25 ba ci ba sha, ɗakin kuma a cike yake tun safe har a busa ƙaho bayan faɗuwar rana.

Ba addu'a kaɗai ba ce. Dole a sami mahauci mai lasisin malamai, wanda zai yanka da wuƙa marar ko ɗan tsagi, ya duba huhun dabbar, domin ba duk abin da aka yanka ake ci ba. Dole a sami wurin wankan tsarki. A Hara Kabira akwai tanda na unguwa, inda yara kan kai tukwanen gidajensu ran Juma'a, abincin ya kwana yana dahuwa a hankali, tunda ba mai hura wuta ran Asabar. An kuma kewaye unguwar da wata alamar iyaka da ake kira eruv, wadda a shari'arsu take mai da unguwar kamar gida ɗaya, don a iya ɗaukar tukunya ko jariri a titi ba tare da an karya hutun ba.

Sai makaranta, wadda a nan ne taurin kan mutanen Jarba ya fi fitowa. Wata ƙungiya mai suna Alliance Israélite Universelle, da aka kafa a Faris a 1860, ta buɗe makarantun boko na Faransanci ga Yahudawan Maroko da Tunis da sauran wurare. Malaman Jarba suka ce ba da su ba. A farkon ƙarni na 20 suka hana a buɗe musu reshe, don sun ga yadda yaran Tunis suka koma Faransawa a harshe da tunani. Mai karatu Bahaushe ya san irin wannan gardama, don kakanninmu sun yi ta da boko. Maimakon boko, malaman Jarba suka riƙe karatun Attaura da Talmud, wani malami David Aydan ya kafa injin buga littattafan Ibrananci a tsibirin, aka buga ɗaruruwan littattafai. Babban malaminsu Moshe Khalfon HaCohen, wanda ya rayu daga 1874 zuwa 1950, ya tattara al'adu da hukunce-hukuncen garin a littafinsa Brit Kehuna, kuma har yau ana komawa gare shi. Matakin ya tsare su daga narkewa, wannan gaskiya ne. Amma akwai wanda ya biya kuɗin: 'yan mata. An daɗe ba a ba su karatu na tsari ba, sai daga tsakiyar ƙarni na 20 aka fara, kuma har yanzu mace a Jarba ba a ƙirga ta cikin goma, ba ta hawa dandamali. Ibadarta ta fi yawa a gida, wajen kyandir da kicin da tarbiyya. A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai ɗarikun Yahudawa da mace ke zama rabbi. Jarba ba ta cikinsu.

Ita Ghriba tana ɗaya unguwar, Hara Saghira, wadda yanzu ake kira Erriadh, 'yan kilomita kaɗan daga Houmt Souk. Mutanen suna ba da labarin cewa firistocin da suka tsere lokacin da Nebukadnezzar ya rushe Haikalin Annabi Sulaiman, shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa, su ne suka kafa ta, har sun taho da wani dutse ko ƙofa daga can. Wani labarin kuma na wata baƙuwar yarinya ce da ta zauna ita kaɗai a bukka, gobara ta cinye bukkar, aka sami gawarta wuta ba ta taɓa ta ba, sai aka yi gini a wurin. Labaran gado ne, ginin da ke tsaye yanzu kuwa na ƙarshen ƙarni na 19 ne, mai bakan gizo da tayil shuɗi. Sai ka cire takalmi ka rufe kai kafin ka shiga ɗakin ciki.

Ziyarar shekara tana faɗowa a Lag BaOmer, kwana na 33 a lissafin da ake farawa daga Idin Ƙetarewa, galibi a watan Mayu. 'Ya'yan Jarba da jikokinsu kan dawo daga Faransa da sauran wurare, su cika masaukin da ke fuskantar majami'ar. Ana kunna kyandir, ana raba busassun 'ya'yan itace da bukha, giyar ɓaure ta Tunisiya. Mata kan rubuta suna a jikin ƙwai, na mai neman miji ko haihuwa, su sunkuya su ajiye a wani ɗan kogo da ke ƙasan ma'ajiyar Attaura. Ana lulluɓe wata babbar fitila mai ƙafafun taya, menara, da mayafai masu launi, a yi gwanjon su, sannan a tura ta a zaga. A wannan biki mata ne a gaba, saɓanin sauran ranakun shekara.

Wurin ya sha jini. A 1943 sojojin Jamus da suka mamaye Tunisiya sun tilasta wa Yahudawan tsibirin tara zinariya mai nauyin kilo sama da 40, kuma ran Asabar suka zo karɓa. A Oktoban 1985, kwanaki bayan Isra'ila ta yi ruwan bama-bamai a hedikwatar ƙungiyar Falasɗinawa ta PLO kusa da Tunis, wani ɗan sanda da aka sa gadi ya buɗe wa masu ibada wuta. Ranar 11 ga Afrilun 2002 wani ɗan Alƙa'ida ya tayar da motar dakon gas a bakin Ghriba, mutum kusan 20 suka mutu, 14 daga cikinsu Jamusawa 'yan yawon buɗe ido. Ranar 9 ga Mayun 2023 wani jami'in tsaro ya kashe mutum biyar, maziyarta biyu da abokan aikinsa uku. Abin lura shi ne, duk lokacin da wuta ta tashi a Gabas ta Tsakiya, maƙerin azurfan da kakanninsa ba su taɓa barin Jarba ba shi ake juyowa a kalla, alhali ɗan ƙasar Tunisiya ne kamar kowa. Ɗaya daga cikin Yahudawan Jarba, René Trabelsi, ɗan shugaban kwamitin Ghriba Perez Trabelsi, ya zama ministan yawon buɗe ido a 2018.

A watan Satumban 2023 UNESCO ta sa Jarba cikin wuraren tarihi na duniya, har da masallatanta da unguwannin Yahudawanta. A 2024, saboda yaƙin Gaza, an taƙaita ziyarar zuwa addu'a da kunna kyandir a cikin gini, ba kiɗa ba zagaye. Hara Saghira kanta yanzu 'yan gidajen Yahudawa kaɗan suka rage a cikinta, yawancin masu shiga Ghriba a ranakun mako baƙi ne da kyamara. Yara da makarantu da mahauta suna Hara Kabira, inda ake aure da wuri, ana haihuwa da yawa, kuma babban malamin Yahudawan Tunisiya, Haim Bittan, a can yake zaune maimakon babban birnin ƙasar.