Abuja ko Kano? Abin da ya kamata marar iyali ya sani kafin ya ɗaure kaya

Ka gama bautar ƙasa, ka yi shekara biyu ko uku kana aiki a Gusau ko Azare, sai ga takardar ɗaukar aiki daga Abuja, ga wata kuma daga Kano. Ko kuwa ofishinku ne ya ce ka zaɓi reshen da za a mayar da kai. Ba mata, ba 'ya'ya, kayanka gaba ɗaya ba su cika bayan motar akori-kura ba. Duk wanda ka nemi shawararsa zai ce ai naka mai sauƙi ne, tunda ba makarantar yara za ka nema ba. Gaskiya ne ta wannan gefen. Sai dai marar iyali yana da nasa matsalolin da magidanci bai san da su ba, kuma garuruwan nan biyu kowanne da irin tarbar da yake yi masa.

Abin da kowa ke fara dubawa shi ne albashi, alhali shi ne ya fi yaudara. Idan aikin gwamnatin tarayya ne, matakinka ɗaya albashinka ɗaya, ko a Garki kake ko a Gyaɗi-Gyaɗi. Harajin da ake cira daga albashi ma ma'auninsa ɗaya ne a duk ƙasar. Kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ne sukan biya ma'aikacin Abuja fiye da na Kano. To, kafin ka yi murna da wannan ƙarin, tambayi inda zai tafi.

Gidan haya zai tafi. A garuruwan biyu kuɗin shekara ake biya dunƙule, amma a Abuja akwai masu gidan da ba sa sauraron sabon ɗan haya sai da kuɗin shekara biyu. Bayan haka ga kason ejan, wanda yawanci kashi goma cikin ɗari ne, ga kuɗin lauya da ke rubuta yarjejeniya, shi ma sau da yawa kashi goma, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna. In rukunin gidaje ne mai geti da masu gadi, akwai kuɗin hidima na shekara daban. A ce, don misali kawai, an yi maka kuɗin ɗaki naira miliyan ɗaya: kafin mabuɗi ya shigo hannunka ka haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ba ka sayi ko labule ba. Magidancin da matarsa ke aiki yana da wanda za su raba wannan nauyi. Kai kuwa aljihu ɗaya ne.

Tsadar Abuja tana da tushe. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka kuma tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida. Gari ne da aka zana a takarda kafin a aza tubali. An ware tsakiyarsa ga ma'aikatu da manyan gidaje, Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, jama'a kuma suka kwararo fiye da yadda aka tanada. Shi ya sa mafi yawan waɗanda ke cewa suna zaune a Abuja a gefenta suke kwana: Kubwa, Lugbe, Dutsen Alhaji, Nyanya, Karu, Gwagwalada. Wasu ma a wata jihar suke, don Mararraba da Masaka a Nasarawa suke, Suleja kuma a Neja. Abin da ka rage a kuɗin haya sai ka biya shi a hanya. Wanda ke Mararraba yana aiki a Sakatariyar Tarayya ya san cewa in ya idar da sallar Asuba bai kama hanya ba, cunkoson Nyanya zai cinye masa safiya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama kaso mai nauyi a albashin kowa. An hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, kuma nisan wurare bai bar wa mai tafiya a ƙasa dama ba. Marar mota ya dogara ne da tasin haɗaka, a nan ne kuma ake gamuwa da 'yan fashin da ake kira wan-cans, masu shigar direba da fasinjoji su ɗauki mutum su kwashe abin da ke jikinsa da na asusunsa. 'Yan gari a tasha suke hawa mota, musamman bayan magariba.

Kano ba haka aka gina ta ba. Gari ne da ya girma da kansa a kewayen kasuwa da fada, unguwar masu hali na jingine da ta talakawa. Ma'aikacin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano zai iya samun ciki da falo a Tarauni ko Hotoro, na Jami'ar Bayero ya nema a Kabuga ko Rijiyar Zaki ko Janbulo, ya isa wurin aiki ba tare da ya tsallaka wata jiha ba. An hana acaɓa a 2013, amma Adaidaita Sahu na shiga kusan kowane lungu. Abinci ya fi araha, kuma dalili a fili yake: kasuwar hatsi ta Dawanau da ta kayan masarufi ta Singa duk a nan suke. Abin tsoron Kano shi ne ƙwacen waya, wanda ya sa mutane suka koyi mayar da waya aljihu kafin su tsaya a bakin titi.

Da a nan lissafin ya tsaya, da Kano ta yi nasara cikin sauƙi. Sai ka je neman ɗakin, mai gida ya dube ka ya ce, "Malam, ina iyalin?" A unguwannin Hausawa na Kano akwai masu gidaje da yawa da ba sa ba gwauro ko tuzuru haya, komai kyan takardunsa, musamman a gidan da ake zaune da matan aure. Ba lallai ƙiyayya ba ce, yana tsoron surutun maƙwabta ne da irin baƙin da za a riƙa kawowa. Ga mace abin ya ninka. Likita ce ko lauya ko ma'aikaciyar banki, in dai budurwa ce ko bazawara da ta zo ita kaɗai, za a tambayi mahaifinta da dalilin da ya sa ba ta sauka gidan 'yan uwa ba. Ana samun mafita: kwatas na wurin aiki, boskwata a Nassarawa ko Bompai, gidajen da aka gina don ɗalibai da likitoci a kusa da jami'a da asibiti, ko Sabon Gari, inda aka saba da baƙi daga ko'ina. Takarda daga wurin aiki tana taimakawa, amma ba ta kai zuwa da babba ba. Kawu ko yaya ya zauna a gaban mai gida ya ce "'yata ce" ko "ƙanena ne", sai ka ga maganar ta sauya. A tuna kuma Kano jiha ce mai shari'ar Musulunci tun 2000, tana da hukumar Hisba, kuma kafin Hisba akwai idon unguwa: wa ya shigo, ƙarfe nawa ya fita, me ta saka.

A Abuja abin da mai gida ya fi son sani shi ne ko za ka iya biyan na baɗi. Akwai masu ƙin mace marar aure a can ma, amma in an ƙi ki a wannan geti, na gaba zai karɓa. Maƙwabcinka zai iya shekara bai san sunanka ba. Wani wannan yake nema, ya huta da "yaushe za mu sha biki?" Amma ka yi tunanin daren da zazzaɓi zai kayar da kai ƙarfe biyu, ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa don bai gan ka a masallaci ba. Da Sallah garin yakan zama kamar an share, kowa ya tafi garinsu. A Kano kuwa mako biyu ya isa a ja ka cikin wata majalisa a ƙofar gida ko teburin mai shayi, a san ka, a nemi lafiyarka. Wannan ma da farashinsa. Akwai gudummawar biki da suna, akwai anko, akwai ɗan ƙanen baba da zai zo rubuta jarrabawa ya kwana biyu ya zarce wata uku, tunda an san kai kaɗai ne a ɗakin. Ni dai na ga waɗanda arhar Kano ta ƙare musu a hidimar zumunci, ban kuma ce sun yi asara ba.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: in wannan aikin ya ƙare, me garin zai ba ni? Abuja gari ne na albashi. Ma'aikatun tarayya, hedikwatar Babban Banki, ofisoshin jakadanci, hukumar ECOWAS, ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji duk suna can. Mai aikin da ya danganci tsara manufofi, ko shari'a, ko jarida, ko ayyukan raya ƙasa, zai haɗu da waɗanda za su ɗaga shi a taro ɗaya fiye da yadda zai haɗu da su a shekara a wani wuri. Sai dai yawancin ayyukan ƙungiyoyi na kwantiragi ne, suna rataye da kuɗin masu ba da tallafi. Da Amurka ta datse tallafin da take bayarwa ta USAID a 2025, ma'aikata da dama sun wayi gari ba aiki, ga haya na jiran sabuntawa. Kano gari ne na ciniki. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ba su kai yadda suke a da ba, da yawa sun rufe saboda rashin wuta da kayan waje masu araha, amma kasuwa ba ta mutu ba. Akanta ko injiniya ko mai harhaɗa magunguna da ke son ya riƙa juya ɗan jari a gefe, atamfa daga Kantin Kwari ko waya daga Farm Centre ko ajiyar hatsi da kaka, ya fi samun ƙofa a Kano. Mai son hawa matakan ofis har ƙoli ya fi kusa da tsani a Abuja.

Nisa da gida ma abin aunawa ne, musamman ga mai iyaye tsofaffi. Tsakanin garuruwan biyu ya haura kilomita 400 ta Kaduna da Zariya. Jirgin ƙasa na tashi daga Idu da Kubwa zuwa Rigasa a Kaduna tun 2016, ko da yake harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022 ya tsayar da shi watanni. Ɗan Katsina ko Jigawa ko Damagaram da ke Kano zai iya zuwa gida ranar Asabar ya dawo Lahadi. Ɗan Neja ko Kogi ko Filato kuwa Abuja ce kusa da shi.

Sauran wuta da ruwa, waɗanda ba a tambayarsu da sunan gari sai da sunan layi. Tun Afrilun 2024 masu layin da ake kira Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, suke biyan kuɗi ninkin-ba-ninkin na sauran, ko a ƙarƙashin kamfanin wuta na AEDC a Abuja ko na KEDCO a Kano. Ka tambayi rukunin wutar da gidan yake, da ko mitarka daban ce ko ta haɗaka, don marar iyali da ke wuni a ofis shi ke biya wa masu firiza da dutsen guga. Zafin Kano a watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ɗakin da ba iska ba wuta a lokacin ba wurin barci ba ne.

Saboda haka kada ka tura kuɗi a kan hoton da ejan ya aiko ta WhatsApp. Ka ɗauki hutun kwana uku ka je kowanne gari, ka kwana a unguwar da aljihunka zai iya, ka tashi ranar Litinin ka bi hanyar ofis a lokacin da za ka riƙa bin ta, ka ƙirga mintoci da nairori. Da yamma ka zauna wurin mai shayin layin ka ji sau nawa aka kawo wuta a makon. Sannan ka tare mai garuwa ka tambaye shi ko yana kai ruwa gidan da aka nuna maka. In ya ce kullum yana kai kura biyu, famfon da ka gani a banɗaki ado ne.