Yini Guda A Bakin Rafin Romi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. An daɗe ana yi wa manoma gargaɗi a wannan fili, kada su sare itatuwan bakin rafi, kada kuma su kai garma har gaɓa. Waɗansu sun ji, waɗansu kuwa sun ɗauka zancen malaman ofis ne kawai. To, ga labarin waɗansu mutane 14 na Kaduna ta kudu, waɗanda suka ajiye babur da mota, suka taka da ƙafa yini guda, suka gano wa idonsu.

Cikinsu akwai masu lambu 6, da 'yan kasuwa 4 masu sarin kayan miya a Sabon Tasha, da akawu 2, da malamin daji ɗaya, da wani dattijon Gbagyi wanda aka haifa a wurin, shi ne ja-gaba. Gardama ce ta haɗa su. Masu lambu suna kuka yashi yana binne musu fadama kowace damina, ruwan rani kuma yana janyewa da wuri. 'Yan kasuwa suna kuka alayyafo da tumatir sun yi tsada. Kowa yana ɗora wa wani laifi. Sai malamin daji ya ce tun da yake rafi ɗaya ne ke ciyar da su duka, a tashi a bi shi daga sama zuwa ƙasa, a ga inda ɓarnar ta faro.

INDA RAFIN YAKE

Rafin Romi yana tasowa daga tuddan wajen Kujama, hedkwatar ƙaramar hukumar Chikun. Yana gangarowa yamma ta wajen Rido, ya wuce kusa da matatar mai da aka buɗe a 1980, ya bi ta Unguwar Romi da Gonin Gora, ya ratsa ƙarƙashin hanyar Abuja, sa'an nan ya faɗa Kogin Kaduna a ƙasa da gari.

Sa'ad da Kaduna ta zama babban birnin Arewa a 1917, ƙetaren kogi ta kudu galibi ƙauyukan Gbagyi ne da gonakinsu, sai tashar jirgin ƙasa. Da aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri a 1957, sai mutane suka yi ta kwararowa neman aiki. Ƙidayar 1963 ta sami mutum kamar 150,000 a garin. Yau sun wuce miliyan ɗaya nesa. Dukan wannan jama'a suna bukatar itacen girki, da yashin gini, da fuloti, da kayan miya, bakin rafi kuwa shi ne ya fi kusa da hannu.

SHIRIN TAFIYA

Sun zaɓi wata Asabar cikin watan Nuwamba, gama Juma'a ta masallaci ce, Lahadi kuwa ta coci, ga shi akwai Musulmi akwai Kirista a cikinsu. Lokacin ruwa ya ɗauke, rafi ya sauka ana iya ƙetarewa, amma alamun da damina ta bari ba su ɓace ba tukuna. Kwana uku kafin ranar suka aika wa dagaci da masu unguwanni, suka faɗi yawansu da hanyar da za su bi. Wannan ba abin wasa ba ne. Kowa yana tune da 2021, shekarar da aka sace ɗalibai fiye da 100 daga wata makarantar sakandare a wajen Kujama. Saboda haka suka yi shawara ba za su yi nisa da gari ba, ba mai warewa shi kaɗai, kuma za a tashi kafin la'asar sakaliya. Kowa ya ɗauki ruwan sha daga gida, da guzuri, da sanda. Mota ta sauke su a Mararrabar Rido da ƙarfe 6 da rabi na safe.

KURMIN DA AKA BARI

Bayan tafiyar kamar rabin sa'a kan hanyar burji, dattijon ya ratse da su ta wata 'yar hanyar ƙafa zuwa wata ƙorama mai zuba cikin Romi. A nan ne suka tarar da ɗan kurmin da ya rage. Akwai malmo, da ɓaure, da kanya, da gora, da 'yan itatuwan tukurwa inda ƙasa ke da damshi. Shigarsu ke nan sai suka ji sanyi, kamar an shiga soro. Ruwa yana gudu garau, ana ganin tsakuwar ƙasa. Ɗaya daga cikin akawun ya tambaya, ya ce, "Baba, me ya hana a sare wannan?" Dattijon ya ce iyayensu ne suka hana, domin nan mata ke ɗiban ruwa da rani, su kuma ba su karya dokar ba.

Malamin daji ya sa aka caka sanda a ƙarƙashin itatuwan. Ta nutse ba wuya, gama ƙasar baƙa ce, cike da ruɓaɓɓen ganye. Ya bayyana musu aiki uku da kurmi ke yi. Na fari, ganye yana tare ɗigon ruwan sama, kada ya bugi ƙasa da ƙarfi ya farfasa ta. Na biyu, ciyawa da ruɓaɓɓen ganye suna rage gudun ruwa, har ƙasa ta sami damar tsotsewa, ruwan da ta tsotse kuwa shi ne ke tsattsafowa cikin rafi a watan Fabrairu da Maris. Na uku, saiwoyi suna ɗaure gaɓa kamar yadda ake ɗaure jinka da igiya.

INDA GARMA TA KAI GAƁA

Ba su yi mil ɗaya ba sai kurmi ya ƙare. Aka shiga gonakin masara da aka girbe, da kunyoyin doya, an noma har bakin ruwa. Ga kututture nan, ga ramukan da aka toya gawayi. Rafin ya yi faɗi ninki biyu, amma ba zurfi, yashi ya cika shi. Gaɓar ta tsaya tsaye kamar bango, ta fi tsawon mutum, ƙasanta ya rarake. Suka ga inda wani yanki ya zube tare da karan dawa a kansa, ba a ko yanke zangarniya ba.

Mai gonar yana wurin yana tonon doya. Da aka gaisa, sai ya nuna musu wani maɗaci da ya kwanta a tsakiyar rafi, ya ce a zamanin mahaifinsa wannan itace shi ne iyakar gonarsu. Aka auna da taki daga itacen zuwa gaɓar yau, aka sami taki 9. Masu lambun Romi suka dubi juna, ba wanda ya ce uffan. Sun gane inda yashin da ke binne musu alayyafo yake fitowa. Amma sun ga kuma mutumin ba mugu ba ne, shi ma asara yake yi, har ta fi tasu, gama su yashi ya hau musu gona, shi kuwa gonar ce ke tafiya.

HANYA DA BURTALI

Daga nan suka hau wata hanyar ƙauye da babura da motocin ɗaukar kaya ke bi. Manomi ba ya cika lura da hanya, alhali kuwa sau da yawa ita ce uwar kwazazzabo. Hanya ba ta shan ruwa. Tana tara shi ne, ta kai shi bakin kwalbati, ta sake shi wuri ɗaya da ƙarfi. A ƙasan wata kwalbati suka ga kwazazzabo wanda zai haɗiye motar shanu, ya yanka gonar rogo biyu. Da a ce tun farko an jera duwatsu a bakin kwalbatin, an dasa ciyawa a ƙasa, da aikin yini biyu ya isa. Yanzu kuwa sai an haɗa gayya.

Gaba kaɗan suka iske mashaya. Gonaki sun matse burtali har ya zama kamar lungu, shanu duka suna sauka ta wuri ɗaya, kofato ya niƙe gaɓar ta zama gari. Wani Bafulatani da suka tarar ya ce da akwai mashaya uku a wannan tsakani, an nome biyu. Nan ma darasi ne: wanda ya cinye burtali domin ƙarin kunya biyar, shi ya jawo shanu cikin gonarsa da ta maƙwabcinsa.

LISSAFI A GINDIN ƊORAWA

Da rana ta take suka zauna gindin wata ɗorawa. Musulmi suka yi sallar azahar, sauran suka tsare kaya, sa'an nan aka buɗe guzuri. A nan malamin daji ya yi musu lissafi, akawu suna rubutawa. Kaduna tana samun ruwan sama kamar milimita 1,200 a shekara, watau wajen inci 47, daga Afrilu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Agusta da Satumba. Inci ɗaya na ruwa a kan eka ɗaya ya fi duro 500 na lita 200. Ashe ke nan, idan aka yi ruwan inci 2 a dare ɗaya kan gonar eka 5, duro fiye da 5,000 ne suka sauka. Tilas su nutse cikin ƙasa, ko kuwa su gudu zuwa rafi ɗauke da ƙasar sama da takin da aka saya da tsada.

Abin da ke faruwa a ƙaramin rafi shi ne ke faruwa a babban kogi. Kogin Kaduna yana tasowa daga tsaunukan Jos, ƙoramu masu yawa suna zuba masa. Idan kowace ta kawo ruwanta a guje cikin dare ɗaya, ga yashi ya cike kwarin, ga gidaje an gina inda ruwa ke bi, sai ambaliya. Mutanen unguwannin bakin kogi ba su manta da ta Agusta 2003 da ta 2012 ba.

Wani mai lambu ya ce, "Malam, maganarka gaskiya ce, amma wa zai biya ni ƙasar da zan bari?" Aka sake lissafi. Eka ɗaya yadi 4,840 ce murabba'i, watau kamar yadi 70 kowane gefe. In an bar yadi 10 a gefen rafi, an bar kashi ɗaya cikin bakwai ke nan. Ba kaɗan ba ne, kada a ruɗi kowa. Amma ba zaman banza za ta yi ba. Gamba tana ba da zana da abincin dabba, gora tana da kasuwa, ga ayaba da gwaiba da mangwaro. Wanda ya ƙi barin yadi 10 da kansa kuwa, rafi zai karɓa da ƙarfi, bai kuma bar masa ko ayaba ɗaya ba.

BAKIN GARI

Da yamma suka iso bayan Unguwar Romi. A nan gidaje sun sauko har fadama. Ga masu tifa suna ɗiban yashi daga gindin gaɓa, ga masu buga bulo, ga lambatu suna zubo ruwan wanki da leda cikin rafi. A tsakanin wannan duka ga lambuna kore shar, injin ban ruwa yana ta ƙara. Yanzu kuma 'yan kasuwa ne suka yi shiru, gama sun ga ruwan da ake zuba wa latas ɗin da suke sayarwa. Malamin daji ya ce abin da ya fi a irin wannan wuri shi ne a haƙa 'yar rijiya nesa kaɗan da gaɓa, domin yashi ya tace ruwan, a zuba shi a gindin shuka ba kan ganye ba, a kuma wanke kaya da ruwa mai tsabta kafin a kai kasuwa. Ya hana kowa shiga ruwan da ke kwance, saboda a irinsa ne katantanwa mai ɗauke da tsargiya ke zama. Kafin ƙarfe 5 suka fito kan titi a Gonin Gora, sun yi tafiyar kamar mil 9.

ABIN DA SUKA ƘULLA

Kafin su rabu suka yarda da abu huɗu. Kowane mai gona a bakin rafi zai bar taki 10 zuwa 15 ba noma. A gefen sama na wannan fili za a dasa layin jema da zarar ruwa ya zauna, tsakanin tushe da tushe kamar inci 6. Jema ba baƙuwa ba ce, kakanni sun yi iyakar gona da ita, saiwarta tana nutsewa mita 2 ko 3, ba ta kuma yaɗuwa ta cinye gona. Kunya za ta riƙa gicciye gangare, ba ta bi shi ba. Sa'an nan za su je wurin dagaci tare, na sama da na ƙasa, da makiyaya, a kan zancen burtali da kwalbati, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, jama'a, ba Romi kaɗai ke da rafi ba. Duk inda kuke, ku tara mutum 10 ko 12, ku sanar da mai gari, ku sami dattijon da ya san wurin tun yana yaro, ku bi rafinku daga sama zuwa ƙasa kafin rani ya yi nisa. Akawu ya zo da littafi ya rubuta faɗin rafi a wuri uku ko huɗu, a kafa turke, baɗi a komo a sake aunawa. Abin da turken ya nuna ba mai gardama da shi. Allah Ya kai rai, Ya ba da damina mai albarka, amin.