Mabuɗi Ɗaya, Ƙofofi Goma: Tsare Sirrin Ɗalibi a Kafofin Intanet na Kyauta

Gabatarwa

Duk lokacin da aka buɗe rajistar jarrabawar JAMB, ɗaliban sakandare na Ikara da Maƙarfi da Kudan sukan yi ta zirga-zirga tsakanin shagunan kwamfuta da cibiyoyin rajista, wasu har Zariya. Tun daga shekarar 2021 hukumar ta wajabta wa kowane ɗalibi mallakar lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, wadda zai aika ta saƙon waya domin a ba shi lambar rajista, sannan ana buƙatar adireshin imel. A nan ne matsala ke ɓullowa. Ɗalibin da ba shi da waya yakan ari layin yayansa, wanda kuma ba shi da imel sai mai shago ya buɗe masa, ya zaɓa masa kalmar sirri, ya rubuta a takarda ya miƙa masa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa ɗalibai da malamai abin da wannan 'yar takarda ta ƙunsa, da dalilin da ya sa bai kamata ta zauna a hannun kowa ba sai mai ita.

Yadda asusu ɗaya ke riƙe da saura

Da yawa daga cikin kafofin da muke amfani da su kyauta mallakar kamfanoni ƙalilan ne. Google ya sayi YouTube a 2006, kuma a watan Maris na 2012 ya haɗe ƙa'idojin sirri na kafofinsa fiye da 60 wuri guda. Saboda haka kalmar sirrin da ke buɗe Gmail ita ce ke buɗe hotunan da waya ta adana, da jerin lambobin abokai, da tarihin duk abin da mutum ya nema ko ya kalla. Haka shi ma Facebook, wanda yanzu uwar kamfaninsa ke amsa sunan Meta, ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014.

Bugu da ƙari, ɗimbin manhajoji sukan ba mutum zaɓin shiga da asusunsa na Google ko na Facebook, ba sai ya buɗe sabo ba. Kuma idan aka manta kalmar sirri a kowace kafa, imel ko lambar waya ake aika wa hanyar sabunta ta. Ke nan wanda ya riƙe imel ɗin mutum da layinsa, ya riƙe kusan dukkan ƙofofinsa.

Darasi daga gonar rake

Masu nazarin halittu sun daɗe da sanin irin wannan haɗari. Manoman rake na Maƙarfi da Kudan ba iri suke shukawa ba, gaɓoɓin kara masu ido suke binnewa su tsira. Sakamakon haka, raken da ya fito daga uwa ɗaya ƙwayoyin gadonsa iri ɗaya ne sak. Wannan yana da amfani, domin zaƙi da kaurin uwar suna bin 'ya'yan. Amma idan cuta ta iya cin kara ɗaya, kamar cutar nan ta naman gwari da ke sa kan rake ya fitar da baƙin abu mai kama da bulala, to babu karan da ke da wata kariya ta daban, kuma cutar takan bi gaɓoɓin dashe zuwa sabuwar gona. Mutumin da ya yi amfani da kalmar sirri ɗaya a ko'ina ya yi irin wannan dashen. A 2017 kamfanin Yahoo ya amsa cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi asusu biliyan 3. Ɓarayin bayanai sukan ɗauki kalmomin sirrin da suka fita daga kafa ɗaya su riƙa gwada su a sauran kafofi, domin sun san halin mutane na maimaitawa.

Mece ce ribar masu ba da kyauta?

Kafofin nan ba sadaka suke yi ba. Fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigar Meta daga talla yake zuwa, kuma tallar da ta san shekarun mutum da garinsa da abin da yake so ita ce mai tsada. Haɗa asusu wuri guda yana sauƙaƙa tara waɗannan bayanai. A 2018 aka bankaɗo cewa wata manhajar tambayoyi da mutane kusan 270,000 suka shiga da asusunsu na Facebook ta kwashe bayanan abokansu, har adadin ya kai kimanin mutum miliyan 87, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica mai aikin kamfen ɗin siyasa. Abin lura shi ne, akasarin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa buɗe manhajar ba, mabuɗin abokinsu ne ya buɗe ɗakinsu.

A nan gida, an sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya a watan Yuni na 2023. A watan Yuli na 2024 kuma hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 bisa yadda ta sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Sai dai doka tana iya hukunta kamfani, amma ba za ta iya ƙwato kalmar sirrin da mutum ya miƙa da hannunsa ba.

Abin da ɗalibi zai iya rasawa

Ta shafin JAMB ɗalibi ke karɓa ko ƙin gurbin karatun da aka ba shi. Wanda ya san kalmar sirrinsa zai iya yanke masa wannan hukunci, ko da kuskure ne. Layin aro ma yana da nasa haɗarin, domin idan layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin waya yakan karɓe shi ya sayar wa wani, sai saƙonnin sirri su koma hannun baƙo. Haka nan masu damfara sukan kira su ce a karanta musu lambobi 6 da WhatsApp ya aiko, da sunan za a sa mutum cikin wani zaure. Da zarar sun samu, sai su ƙwace asusun, su shiga roƙon kuɗi wurin dangi da sunansa. Ga 'yan mata kuwa, hoto ɗaya da ya fita daga asusun da wani ya buɗe musu yana iya zama makamin barazana da ɓata suna.

Matakan kariya

Na farko, ɗalibi ya buɗe imel ɗinsa da kansa. Idan wani ya buɗe masa, ya sauya kalmar sirri a ranar, ya kuma duba cewa lambar wayar da aka liƙa domin farfaɗo da asusun tasa ce ko ta mahaifansa. Na biyu, kowace kafa mai muhimmanci ta samu kalmarta. Tsawo yana da tasiri: lambobi 4 suna da haɗi 10,000 kacal, amma haruffa 8 daga cikin 26 suna da haɗi fiye da biliyan 200. A guji suna da shekarar haihuwa. Na uku, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail da WhatsApp da Facebook. Na huɗu, a fita daga asusu kafin a tashi daga kwamfutar shago ko a mayar da wayar aro. Na biyar, lambar da ta zo ta saƙo ba a karanta wa kowa, ko da ya ce shi malami ne ko ma'aikacin banki.

Kammalawa

Zumunci da yarda da juna su ne ginshiƙin zamanmu, kuma aron waya a gida ba laifi ba ne. Amma aron waya daban, miƙa mabuɗi daban. Ya kamata malaman da ke kula da 'yan ajin ƙarshe su ware darasi guda kafin lokacin rajista, inda kowane ɗalibi zai buɗe imel ɗinsa, ya zaɓi kalmarsa ba tare da malamin ma ya gani ba. Darasin ba zai wuce minti 40 ba, amma asusun zai bi ɗalibin har jami'a da wurin neman aiki. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.